Makullin sifeya mai rimot ga tsohuwar mota: yadda aikin masu saitin makulli yake

Galibin motocin tokumbo da makulli ɗaya tak suke isowa hannun mai saye. Ɗan'uwansa ya tsaya can Amurka ko Turai, ko ya salwanta tsakanin filin gwanjo, jirgin ruwa da tashar Kwatano ko ta Legas. Mai mota ya yi shekaru yana lallaɓa ƙwaya ɗayan nan, gidansa ya tsage a naɗe da salatif, maɓallin buɗewa ya lotsa sai an danna da farce, har ranar da zai faɗa kwata ko yara su yi wasa da shi ya ɓace. Wannan ne ya buɗe kasuwa ga masu saitin makulli, waɗanda yanzu za ka same su da 'yan na'urorinsu a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da kusan duk babban garejin da ke da masu wayarin. Aikinsu muka duba a kan motocin da suka fi cika titunanmu, wato Corolla da Camry na 2002 zuwa 2011, da Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 wadda ake kira EOD, da Peugeot 206, 307 da 406.

Aiki ne da ya cancanci kuɗinsa, kuma a hannun wanda ya iya da wuya ya wuce awa ɗaya, muddin akwai makulli ɗaya mai tada motar a hannu. In babu ko ɗaya, aikin daban ne, kuɗin ma daban. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo a sana'ar nan kuwa shi ne wanda ya yi bincike kafin ya taɓa ƙarfe. Tsadar na'urar da ke kan teburinsa ba ta nuna komai.

Rikicin da ya fi yawa tsakanin mai mota da mai saiti daga rashin sanin abu ɗaya yake tasowa: makullin nan da kake riƙewa kaya biyu ne a gida ɗaya, kuma ba ruwan wani da wani. Akwai rimot, wanda ke buɗe ƙofa da kulle ta daga nesa, yana aiki da ɗan batirin nan mai kama da kwabo. Akwai kuma cif na sikiyuriti, wata 'yar ƙwaya baƙa ko ta gilashi da ba ta fi ƙwayar shinkafa biyu ba, wadda ba ta da batir sam. In ka zura shi a kan makulli, wato inda ake murɗawa a tada mota, wani zoben waya da ke kewaye da ramin makullin ne ke ba ta wuta ta iska, ta faɗi lambarta, birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ya duba ko ya san ta. In ya san ta ya saki mai da wuta. In bai san ta ba, sitata za ta yi ta juya inji har batir ya ƙare, motar ko gezau. Shi ya sa rimot kan mutu mota ta ci gaba da tashi lafiya, shi ya sa kuma sabon makulli kan buɗe ƙofa daga nesa ya kasa tada inji. Saiti biyu ne, kowane da hanyarsa, kuma ya kamata a yi cinikinsu daban-daban tun farko. Mai mota da yawa ya biya kuɗin "firogiramin" yana zaton duka biyun ne, ashe rimot kaɗai aka yi masa.

Ba kowace tsohuwar mota ce ke da cif ba. A Turai an wajabta shi a sababbin motoci tun 1998, Kanada ta bi a 2007, Amurka kuwa ba ta taɓa wajabta shi ba. Saboda haka Corolla ta Amurka ta 2003 da 2004 makullinta ƙarfe ne zalla, sai daga 2005 cif ya shigo. Mai irin wannan motar in aka ce ya biya kuɗin saitin cif, an cuce shi. Yanka ƙarfe kawai yake buƙata, sai rimot in yana so.

Mai aikin da ya san abin da yake yi, kafin ya faɗi farashi sai ya karɓi makullin ya zura shi a ramin wata 'yar na'ura mai girman wayar hannu, irin su VVDI Key Tool na Xhorse ko Handy Baby. Cikin daƙiƙa biyu allon ya nuna irin cif ɗin: 4C, ko 4D67, ko 46, ko 48. Daga nan ya kara rimot ɗin a jikinta ya danna maɓalli, ta nuna zangon da yake magana a kai. Sannan ya juya bayan makullin ya karanta rubutun da ke jiki. Duk wannan bai kai minti uku ba, kuma shi ne rabin aikin. Wanda ya ɗaga makulli sama ya kalla ya ce "Alhaji akwai shi, irin na Camry ne," ya miƙa hannu cikin leda ya zaro mai kama da shi, ido ya auna da shi, ido kuwa ba ya ganin abin da ke cikin roba.

Batun zango shi ne tarkon farko. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka rimot ɗinsu yana kan megahaz 315 ko kusa da haka, na Honda EOD misali 313.8 ne. Na Turai suna kan 433. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, makulli kamar an tsaga kara, amma in zangon ya saɓa ko shekara za a yi ana dannawa ba za ta ji ba. A bayan rimot ɗin Amurka akwai lambar da ake kira FCC ID. Na Camry ta 2002 zuwa 2006 da Corolla ta 2003 zuwa 2008, wanda ke rataye daban da makulli, GQ43VT14T ne. Na Camry ta 2007 zuwa 2011, mai maɓallai a kan makullin, HYQ12BBY. Na EOD kuwa OUCG8D-380H-A. In lambar sabon ta yi daidai da ta tsohon, an tsallake wannan ramin. Na Turai ba su da wannan lambar, alamar CE za ka gani da lambar zangon.

Tarko na biyu a jikin ƙarfen makullin Toyota yake, kusa da inda ya shiga roba. Duba da kyau, za ka ga ɗan ɗigo, ko harafin G, ko H. Ɗigo yana nufin 4D67, shi ne na Camry ta 2007 zuwa 2010. G na 2011 ne da 'yan shekarun da suka biyo baya. H ya fara yawaita daga wajen 2014. Mai ɗigo da mai G gidansu ɗaya, rimot ɗinsu ɗaya, lambar bayansu ma ɗaya, amma ba sa maye gurbin juna. A nan ne ake samun makullin da ke buɗe ƙofa lafiya lau ya ƙi karɓar saitin inji, mai aiki ya yi ta zufa yana ɗora wa birenbos laifi alhali kayan da ya saya ne ba na motar ba. Honda ma haka take: gidan makulli iri ɗaya yakan zo da cif 13, ko 46, ko 8E, gwargwadon motar da aka yi shi dominta.

Saitin rimot a yawancin waɗannan motocin ba ya buƙatar na'ura ko kaɗan, kuma ya kamata mai mota ya san haka kafin ciniki. A Camry ta 2002 zuwa 2006 da Corolla ta 2003 zuwa 2008, ana zama a kujerar direba, ƙofarsa a buɗe, sauran a rufe, makulli a hannu. A zura makulli a zare sau biyu cikin daƙiƙa biyar, ba tare da an murɗa ba. A rufe ƙofa a buɗe sau biyu. A zura makulli a zare sau ɗaya. A sake rufe ƙofa a buɗe sau biyu. A zura makulli a bar shi ciki, a rufe ƙofa, a murɗa zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa a dawo da shi sau ɗaya, a zare. Sakatun ƙofofi za su kulle su buɗe da kansu, alamar motar tana sauraro. Nan take a danne maɓallin kullewa da na buɗewa tare na daƙiƙa ɗaya da rabi, a saki, a danna na kullewa shi kaɗai cikin daƙiƙa uku. Sakatu suka motsa sau ɗaya, ta karɓa. Suka motsa sau biyu, ta ƙi, a sake. Rimot huɗu take ɗauka. A kula da murɗawar nan ta ƙarshe: sau ɗaya ƙari ne a kan waɗanda ke akwai, sau biyu kuwa sharewa ne a fara sabo, wato duk rimot ɗin da ba a sake saitawa a zaman ba ya tashi aiki.

Na Honda ya fi sauƙi. A murɗa makulli fitilu su kama, a danna maɓallin kullewa, a kashe, kowane mataki cikin daƙiƙa huɗu. A maimaita sau uku. A na huɗun, da an danna sakatu za su motsa, sai a bi kowane rimot a danna maɓallinsa ɗaya bayan ɗaya, har da tsohon, a kashe makulli. Uku take ɗauka. Masu aiki da yawa kan manta da tsohon, mai mota ya koma gida ya tarar wanda ya bar wa uwargida ya daina aiki.

In an bi matakan nan daidai sakatu suka ƙi motsi, a nan ake gane wanda ya san mota. Motar tana ƙirga buɗewa da rufewar ƙofa ne ta wani ɗan maɓalli mai roba a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wanda ke kunna fitilar rufi. A motar da ta sha ƙurar hunturu shekara goma sha biyar, sau da yawa ya daina aiki, ko wani mai wayarin ya cire wayarsa saboda ƙarar tana damun mai motar. In fitilar ƙofa ba ta kamawa a dashbod idan an buɗe, motar ba ta ganin ƙirgen. Haka ɗan maɓallin da ke cikin kan makulli mai sanar da cewa an zura makulli. Haka fis ɗin da aka rubuta wa DOME, wanda in ya ƙone ko an zare shi na'urar karɓar saƙon rimot ba ta samun wuta. Wani lokacin ma motar ba a yi ta da wannan na'urar ba tun daga kamfani, kamar wasu ƙananan Corolla masu gilashin murɗawa da hannu. Irin wannan sai dai a sa mata rimot na kasuwa mai akwatinsa. Gwani zai bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya cikin minti goma. Ɗan koyo zai ce rimot ɗin ne ba shi da kyau, ya kawo wani, shi ma ya ƙi.

Yanzu cif. Hanya biyu ake bi, kuma kowace da amfaninta. Ta farko kwafi: na'ura ta karanta lambar tsohon makulli ta rubuta ta a kan sabon cif na musamman mai karɓar rubutu, irin XT27 na Xhorse. Motar ba ta san an yi sabon makulli ba, gani take tsohon ne. Kwafin 4C a kan tebur ake gama shi. Na 46 da 48 sai an je jikin mota an murɗa makulli 'yan lokuta na'urar tana kusa da zoben tana sauraro. Kwafi yana da sauri, ba a taɓa birenbos, kusan babu haɗarin lalata komai. Illarsa ita ce duka biyun makulli ɗaya ne a wurin motar. In aka sace ɗaya ka je a share shi, ɗayan ma ya mutu tare da shi.

Ta biyu rajista: a jona na'ura a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a gabatar wa motar sabon cif ta rubuta shi a jerin waɗanda ta sani. Nan ake amfani da su Autel IM508, Xtool X100 Pad, ko kwamfuta mai manhajar Techstream ga Toyota, HDS ga Honda, Lexia ko Diagbox ga Peugeot. Wannan ce hanyar da muka fi yarda da ita ga wanda makullinsa ya ɓace a inda ba ya so, don a zama ɗaya za a iya share ɓataccen a bar na hannu. Ga wanda sifeya kawai yake so ya ajiye a durowa, kwafi ya wadatar, kuma bai kamata a caje shi kuɗin rajista ba.

Toyota tana da wata ƙa'ida da ke kama mutane. Makullanta kashi biyu ne, babba da ƙarami. Babban baƙi ne, ƙaramin ruwan toka, wanda a can ake ba masu ajiye mota a otal. Duka suna tada inji, amma babban ne kaɗai ke da ikon gabatar da sabo. Launi ba abin dogaro ba ne tunda ana canza gida, don haka a duba 'yar fitilar sikiyuriti mai ƙiftawa a dashbod. Zura makulli kar ka murɗa. In ta mutu nan take, babba ne. In ta tsaya a kunne kamar daƙiƙa biyu sannan ta mutu, ƙarami ne. Motocin tokumbo ba kaɗan ba da ƙaramin suke zuwa, mai su bai sani ba sai ranar da ya je yin sifeya. Da babba a hannu, Corolla ta 2005 zuwa 2008 ma ba ta buƙatar na'ura: a zura shi a zare sau biyar a bar shi ciki a na biyar ɗin, a buɗe ƙofar direba a rufe sau shida, a zare, a zura sabon, a jira kamar minti ɗaya har fitilar ta daina ƙiftawa. Da ƙarami a hannu kuwa, ko dai a yi kwafinsa a samu ƙarami na biyu, ko a bi doguwar hanya kamar wanda ba shi da makulli.

Doguwar hanyar ita ce inda kuɗi ke tafiya, kuma inda aka fi yin gyaran gangar Auzinawa. A Toyota masu 4D, na'ura mai kyau tana iya wanke ƙwaƙwalwar sikiyuriti ta soket, amma sai an jira minti 16 makulli na kunne. A tsofaffi masu 4C sai an kwance birenbos, an buɗe shi, an sake rubuta wata 'yar ƙwayar ajiya mai ƙafa takwas a kan fanel ɗinsa. Aikin dalma ne mai son hannu mai sanyi irin na masu gyaran waya. Zafi ya yi yawa layin tagulla ya ɗaye, an tashi daga neman makulli an koma neman birenbos. Mai hankali yakan adana kwafin abin da ya tarar a ƙwayar kafin ya rubuta komai, don in abu ya kwaɓe ya mayar. Tambaye shi ko ya adana, yadda ya amsa zai gaya maka da wa kake tare. In kuma an canza birenbos ko akwatin sikiyuriti, wato wanda a wasu motoci ke riƙe lambobin cif daban da birenbos, a motoci da yawa sai an haɗa su gaisawa: a gada baki na 4 da na 13 na soket da 'yar waya, a bar makulli a kunne minti 30 cur. Wanda ya gaji a minti 25 ya kashe, daga farko zai sake.

Waɗannan jiraye-jirayen su ne dalilin da ya sa batirin mota ke da muhimmanci a aikin nan fiye da yadda ake zato. Rabin awa makulli na kunne inji a kashe yana shanye batirin da dama ya gaji. Wuta ta faɗi ana tsakiyar rubutu, ƙwaƙwalwar ta tsaya rabi da rabi, tsohon makullin da ke aiki da safe shi ma ya daina. Kafin a fara, mita ta nuna bolt 12.4 ko sama. A kashe fankar AC da rediyo da fitilu. In aikin mai tsawo ne a jona wani batirin da wayar jam. Wurin da muka ga ana yin haka ba tare da an roƙa ba, ya samu maki mai yawa a wurinmu tun kafin ya gama.

Peugeot nata salon daban. Motocin da ke da akwatin BSI, wato mai sarrafa kayan wutar jikin mota, ba sa karɓar sabon makulli sai an shigar da lambar sirri mai harafi huɗu, wadda ke zuwa a kan wani kati mai girman katin banki lokacin da motar ke sabuwa. Katin nan da wuya ya biyo tokumbo. Na'urori da yawa na iya zaro lambar daga motar, wasu ta soket wasu sai an kwance akwatin. Abin gudu shi ne mai canki-canka, don in aka shigar da lambar da ba daidai ba sau uku akwatin ya kulle, aikin rabin awa ya koma na yini. Sannan a Peugeot duk makullan sai sun hallara a zaman, wanda ba ya nan an share shi ke nan. Cif 46 kuma da zarar ya auri mota ɗaya ba ya auren wata, saboda haka makullin Beljiyam da aka ciro daga wata motar gidansa da maɓallansa kawai za a mora, cif sai sabo. Ga mai 206 ko 406 da rimot ya daina aiki bayan canjin batir, kafin a kashe ko sisi a gwada wannan: a kunna makulli, a danne maɓallin kullewa daƙiƙa goma, a kashe a zare, a ɗan jira a gwada. Sau da yawa shi ke nan.

Yankan ƙarfen kansa ba a cika ba shi muhimmanci ba, alhali shi ne ke kashe kan makulli a hankali. Injin kwafi bin tsohon makulli yake yi, in tsohon ya cinye sabon ma a cinye zai fito, har da ƙari. Na Toyota mai haƙora a gefe biyu yana da haƙuri. Na EOD kuwa, mai kwarmi a jiki kamar sawun maciji, injinsa daban ne, kuma kan makullin Honda na waɗannan shekarun dama an san shi da cinyewar 'yan ƙarafan ciki. Makullin da aka yanka da gargada yana ƙarasa su cikin 'yan watanni, wata safiya a wayi gari ya ƙi murɗawa. Wurin da ke da injin kwamfuta mai gano asalin zurfin haƙoran ya yanka a kan ma'aunin kamfani ya fi, ko da kuɗinsa ya ɗara. A fara gwada sabon a ƙofa kafin a kai shi kan makulli, kuma in ya cije kar a tilasta, a koma a goge shi da burushin waya. A tuna kuma cewa a tokumbo ba mamaki an taɓa canza kan makullin, na ƙofa daban na inji daban.

Kayan da ake sayarwa hawa uku ne. Na kamfani na asali, sabo ko wanda aka ciro daga wata mota, ya fi ƙarko kuma ya fi jin nesa. Sai rimot na gama-gari na Xhorse ko KeyDIY, wanda ke zuwa fanko a rubuta masa irin motar da ake so. Yana aiki sosai in an zaɓi fayil ɗin da ya dace, kuma shi ne mafita ga motar da nata ya yi wuyar samu. Sai na leda marar suna, mai kama da na asali a ido, roba mai sauƙin tsagewa, ƙarfe mai laushi da kan lanƙwashe a ƙofar but. Araha ba ta ado. Mai aikin kirki zai baje maka ukun ya faɗi kuɗin kowane, da kuɗin yanka, da na saiti, daban-daban.

In gidan makullin ne kawai ya fashe, ba a buƙatar saiti ko kaɗan. A sayi sabon gida, a mayar da rimot ɗin ciki, a mayar da cif. Wannan na ƙarshen ne ake mantawa, don a Camry da EOD cif ɗin yana maƙale a wani ɗan lungu na tsohuwar robar, a manne da gam, ba a jikin rimot ba. A jefar da tsohon gida a bola, a zo mota ta ƙi tashi. Wajen ciro shi a yanka robar a kewayensa da reza a hankali. Mai gilashi in aka sa masa sukundireba ya tsage, ya gama aiki. Batir kuma lambarsa ita ce girmansa: CR2016 faɗinsa milimita 20 kaurinsa 1.6, shi ne na Camry. CR1616 na EOD ne. CR2032 ya ninka 2016 kauri, in aka cusa shi inda ba nasa ba yana buɗe ƙarafan riƙo, daga baya ko an sa na daidai ya riƙa rawa.

Abin da ba mu yarda da shi ba a sana'ar shi ne gajeriyar hanyar da wasu ke bi in saiti ya gagare su. Su fasa makullin da ke aiki, su ciro cif, su naɗe shi da salatif a jikin zoben da ke bayan robar sitiyari, su yanka maka ƙarafa uku su ce an gama. Ko su cire sikiyuritin gaba ɗaya daga birenbos. Mota za ta tashi, gaskiya ne, amma da kowane ƙarfen da ya iya murɗa kan za ta tashi, har da na ɓarawo. Ga zafin mota da aka ajiye a rana yana sassauta salatif, cif ya zame kaɗan, ta mutu maka a inda ba ka zata ba. Akwai lokacin da cirewar ke zama dole, misali motar da aka yi wa dashen inji da birenbos na wata, amma a gaya wa mai ita ya amince da bakinsa. Haka nan wurin da ya nemi ganin takardun mota da katin shaida kafin ya yi wa motar da ba ta da makulli ko ɗaya aiki, kar ka ji haushi. Wanda bai tambaye ka ba, ba zai tambayi wanda ya zo da motarka ba.

In an gama mota ta ƙi tashi, a sa na'ura ta karanto lambar matsala maimakon jayayya. A Toyota, B2795 na nufin motar ta ji cif ɗin amma ba ta san shi ba, wato rajista ba ta shiga ba. B2796 na nufin ba ta ji komai ba, ko babu cif a makullin ko ya mutu. B2784 zoben wayar ne ya tsinke ko ya haɗe. B2799 kuwa akwatin sikiyuriti da birenbos ne ba sa jituwa, nan ake komawa ga gaisawar minti 30.

Kafin ka biya, miƙa tsohon makullin ga wani ya matsa da shi nesa da motar, sannan ka tada ta da sabon shi kaɗai sau uku, kana barin inji ya yi aiki kamar minti ɗaya kowane karo. In tsohon yana rataye a zobe ɗaya da sabon, zai iya zama shi ne ke amsa wa motar, sabon na cin albarkacinsa, ko kuma su biyun su rikita ta ta ƙi duka. Daga nan ka karɓi tsohon ka tabbatar shi ma yana nan da ransa. Gwada rimot daga taku ashirin, kowane maɓalli, har na but. Gwada ƙarfen a ƙofar direba. Ga mai Toyota, zura sabon ka kalli fitilar sikiyuriti ka ga ko babba aka yi maka ko ƙarami. Ga mai Peugeot, ka ce a rubuta maka lambar sirrin nan mai harafi huɗu a takarda, ka ajiye ta tare da takardun motar na asali a gida.